Gidan kifi mai siffar jirgin ruwa a hanyar Kwalkwalawa

A wani yammaci na watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato kan haura digiri 40, wani abokin aikina ya ja ni zuwa wani sabon wurin cin kifi da shan abin sanyi da ke kan hanyar gadar Kwalkwalawa, yana cewa an gina shi tamkar jirgin ruwa. Na bi shi ina kokwanto, domin garin da ke da tazarar kusan kilomita 1,000 daga tekun Legas ba nan ne mutum zai sa ran ganin matuƙan jirgi ba. Daga ranar zuwa yau na koma sau biyu, ɗaya da iyali.

Da shigarka za ka ga an kashe kuɗi. Tagogin zagayayyu ne irin na jirgi, an shafe bango da shuɗi da fari, an rataye igiyoyi masu kauri, sannan a bakin ƙofa akwai ƙatuwar anga, wato ƙarfen da ake jefawa cikin ruwa don tsayar da jirgi, wadda wani mai walda na cikin gari ya ƙera. Masu kawo abinci suna sanye da fararen kaya da hula irin ta sojan ruwa, kuma a gaskiya na tausaya musu, saboda rigar mai dogon hannu ba ta dace da bazararmu ba.

Mai wurin, wani dattijo mai fara'a, ya zauna da mu ya ce a Ingila ya samo dabarar. A can mashaya da yawa suna ɗauke da sunayen teku, kamar The Ship da The Anchor, wasu kuma sunan Nelson, kwamandan sojan ruwan da ya mutu a yaƙin Trafalgar a 1805. A gaɓar kogin Thames a Landan akwai wata mai suna The Mayflower, don tunawa da jirgin da ya kai Turawa 'yan ƙaura Amurka a 1620. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, ai waɗancan gidajen giya ne." Ya yi dariya ya ce, "Malam, adon kawai na ɗauko, na bar musu kwalabensu." Haka ne kuwa, tun da jihar ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a shekarar 2000 ba a sayar da giya a fili, kuma a nan abin da ke kan kanta shi ne zoɓo da kunun aya da lemon tsamiya.

Abincin shi ne abin da ya sa na koma. Farfesun tarwaɗa ya ji citta da kanumfari da masoro daidai gwargwado, romon bai yi ruwa-ruwa ba, kuma babu ƙarnin da kan ɓata farfesun da aka yi cikin gaggawa. Gasasshiyar ƙarfasa ta fi komai: an tsattsaga ta, an cusa yaji har cikin ƙaya, fatar ta yi ƙamas alhali naman yana da laushi. Giwan ruwa ba kullum ake samu ba, ranar da na dace kuma tsadarta ta kusa ninka ta ƙarfasa. Zoɓon ya cika sukari. Kunun ayan kuwa ba shi da makusa, da sanyinsa ya iso.

Inda nake da ja shi ne adon kansa. A Ingila waɗannan sunaye suna da tushe, domin matuƙa da masu dakon tashar jirgi su ne asalin masu zama a irin waɗannan wurare. Mu kuma namu ruwan yana nan kusa: Gulbin Rima, da tafkin Kware, da madatsar Goronyo, ga Sarkawa da suka gāji kamun kifi tun kaka da kakanni, ga bikin kamun kifin Argungu da ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934. Duk wannan bai samu ko kusurwa ɗaya a cikin zauren ba, babu homa, babu gora, sai hotunan manyan jirage masu tanti da yawancinmu ba mu taɓa gani ba. Abin mamaki, wani tsohon kwalekwale da aka ajiye a tsakar gida aka mayar da shi benci ya fi kowane tebur kasuwa, kuma nan yarana suka maƙale har muka tashi.

Akwai kuma jinkiri. A daren Asabar mun jira kifi fiye da rabin awa, wuta ta ɗauke, ƙananan tagogin nan kuma suka hana iska shiga kafin a tayar da janareta. An ware wurin zaman iyali da wurin alwala mai tsabta, kuma ana karɓar kuɗi ta POS. Wanda zai je, ya je tsakanin Magariba da Isha'i a tsakiyar mako, ya nemi ƙarfasa, ya ce a shimfiɗa masa tabarma a waje kusa da kwalekwalen.