Proxmox, ESXi, Hyper-V ko XCP-ng: wanne za ka ɗora wa sabar ofishinku?

Saba, wato babbar kwamfutar da ke yi wa sauran kwamfutocin ofis hidima, a zamanin nan tana da ƙarfin da ya wuce aiki guda. Idan ka ɗora mata Windows ɗaya don manhajar albashi kaɗai, yawancin firosesarta da RAM ɗinta zaman banza suke yi, ga kuma wutar da take sha. Manhajar da ake kira haifabaiza ita ke raba sabar zuwa kwamfutoci da yawa masu zaman kansu, waɗanda ake ce wa VM, kamar babban gida da aka yanka ɗakuna aka zuba 'yan haya, kowa da ƙofarsa da makullinsa. Irin wadda muke magana a kai ana ɗora ta ne kai tsaye a kan na'urar, babu Windows a ƙarƙashinta. VirtualBox da VMware Workstation na kwamfutar tebur ne, don gwaji da koyo, kada ka jingina aikin ofis a kansu.

Shekaru da dama, VMware ESXi ne abin da kowa yake ambata da fari, kuma har yanzu ingancinsa ba abin musu ba ne. Abin da ya canza shi ne kuɗi. Kamfanin Broadcom ya kammala sayen VMware a watan Nuwamba 2023, a Disamba kuma ya daina sayar da lasisin da ake biya sau ɗaya. Yanzu biya ake yi shekara-shekara, bisa adadin ƙwayoyin firosesa, abin da masu harkar ke ce wa core, kuma ko firosesarka ƙwaya 8 gare ta, ta 16 za a caje ka. A Fabrairu 2024 aka janye ESXi na kyauta, sannan aka dawo da shi a Afrilu 2025 da sigar 8.0 U3e. Sai dai na kyautar a ɗaure yake: VM ɗaya ba zai wuce firosesa 8 ba, ba ya haɗuwa da vCenter, manhajar VMware ta sarrafa saba da yawa daga wuri ɗaya, kuma manhajojin ajiye kwafi irin su Veeam ba sa iya aiki da shi yadda ya kamata. Ga makaranta ko asibiti ko ƙaramin kamfani da ke samun naira amma zai biya lasisi da dala kowace shekara, wannan nauyi ne da ya kamata a lissafa tun kafin a sayi komai.

Akwai wata matsalar kuma. ESXi yana da tsani wajen na'ura. Broadcom na da jerin kayan da ya amince da su, kuma tun daga siga ta 7 aka cire tsofaffin direbobi, wato ƙananan manhajojin da ke sa a gane kayan na'ura, shi ya sa katin sadarwa mai arha irin na Realtek ba ya aiki kai tsaye. Wanda ya sayi sabar tokumbo, misali Dell PowerEdge R730 ko HP ProLiant DL380 Gen9, lallai ya duba jerin nan tukuna.

Proxmox VE shi ne wanda nake ba mafi yawan mutane shawara, kuma zan faɗi dalili. Wani kamfani ne a Vienna ta ƙasar Ostiriya yake yin sa tun 2008. An gina shi a kan Debian, wani nau'in Linux, yana amfani da KVM, ɓangaren da ke tafiyar da VM, wanda ke cikin zuciyar Linux tun 2007, saboda haka kusan duk na'urar da Linux ya gane, shi ma zai gane ta. Babu wani ɓangare da aka kulle sai ka biya: haɗa saba da yawa, mayar da VM daga wannan saba zuwa waccan yana kan aiki, ajiye kwafi bisa jadawali, duk suna cikin na kyauta. Kuɗin da ake biya na tallafi ne da samun sabuntawar da aka fi tantancewa, ana lissafa shi bisa kowace firosesa a shekara. In ba ka biya ba, saƙon tunatarwa ne kawai zai riƙa fitowa duk lokacin da ka shiga. Da burauza ake sarrafa shi, ta ƙara lamba 8006 a ƙarshen adireshin sabar. Yana kuma da LXC, wato ƙananan ɗakunan Linux da ba sa cin RAM kamar cikakken VM, abin da ke da amfani ƙwarai ga saba mai ƙaramin ƙarfi. Tun sigar 8.2 ta 2024 yana da hanyar jawo VM kai tsaye daga ESXi.

Inda yake da wuya shi ne ranar da abu ya lalace. A ranar sai ka buɗe baƙin allo ka rubuta umarnin Linux da hannunka. Idan babu ko mutum ɗaya a ofishinku da zai iya wannan, ko mai niyyar koya, ku sake tunani.

Ga irin wannan ofishi ne Hyper-V na Microsoft ya dace. Yana zuwa a cikin Windows Server, kuma duk wanda ya saba da Windows ba zai ji baƙunta ba. Na kyauta mai zaman kansa ya tsaya a Hyper-V Server 2019, tallafinsa kuma zai ƙare a Janairu 2029, don haka kada a gina sabon abu a kansa. A nan akwai lissafin da mutane da yawa ke tsallakewa: lasisin Windows Server mai suna Standard yana ba ka izinin VM biyu na Windows Server, mai suna Datacenter kuma ba iyaka. Wannan doka tana bin ka ko a Proxmox ka ɗora su. Saboda haka in duk VM ɗinka na Windows Server ne, ka riga ka biya kuɗin Hyper-V, ƙaura zuwa wani wuri ba za ta rage maka ko sisi ba.

XCP-ng kuwa ya fito a 2018 daga XenServer, kamfanin Vates na Faransa ke kula da shi. Ana sarrafa shi da Xen Orchestra, tsarinsa ya yi kama da na vCenter, kuma ajiye kwafinsa yana da kyau. Masu amfani da shi ba su kai na Proxmox yawa ba, don haka samun wanda zai taimaka maka a kusa zai fi wuya.

Kowanne ka zaɓa, na'urar ce za ta yanke hukuncin ƙarshe. Ka shiga BIOS, wato saitin farko na na'urar, ka tabbatar Intel VT-x ko AMD-V, abin da ke ba firosesa damar tafiyar da VM, a kunne yake. RAM ne ke fara ƙarewa kafin firosesa, to in kuɗi ya yi kaɗan, a can za ka zuba shi. Idan za ka yi amfani da ZFS, wani tsarin adana bayanai a faifai, a Proxmox, kada ka ɗora shi a kan RAID na kati, wato katin da ke haɗa faifai da yawa su zama kamar ɗaya; ZFS yana son ganin faifan kai tsaye, sai a mayar da katin yanayin HBA, inda yake nuna kowane faifai yadda yake. SSD na kwamfutar gida kuma yana saurin gajiya a saba. Nemi na saba mai kariya daga ɗaukewar wuta, domin a wurin da ake sauyawa tsakanin wutar NEPA da janareta sau da yawa a rana, yankewa ɗaya a tsakiyar rubutu na iya ɓata VM biyar lokaci guda. UPS ɗin ma ya zama mai kebul da zai sanar da sabar ta kashe kanta cikin tsari kafin batirin ya ƙare.

Masu shirin haɗa saba biyu a Proxmox su sani cewa tsarin ƙuri'a yake bi: in ɗaya ta mutu, ɗayar ba ta da rinjaye, sai ta ƙi tayar da VM. Ana magance wannan da saba ta uku, ko ƙaramar na'ura irin Raspberry Pi da za ta riƙe ƙuri'a ta uku. Kwafin ajiya kuma ya zauna a wata na'ura daban, ba a cikin sabar da ake tsoron mutuwarta ba.

Idan tokumbo za ka saya, tafi shagon da filashi ɗauke da haifabaizar da ka zaɓa. Ka ce a kunna sabar daga filashin a gabanka, ka ga ko ta gane dukkan faifai da katunan sadarwa, sannan a yi maganar farashi.