Gina Vim daga tushenta a kan Ubuntu da Windows: sharhin mai koyarwa a Jos

Mafi yawan masu amfani da manhajar gyaran rubutu ta Vim ba su taɓa leƙa rubutun tushenta ba, wato ainihin rubutun umarnin da aka gina ta daga gare shi, domin a kan Ubuntu, wadda nau'i ce ta babbar manhajar Linux, umarni ɗaya ya isa a sauke ta a shirye, a kan Windows kuma akwai fayil ɗin girkawa da ake dannawa kamar na kowace manhaja. Wannan sharhi ya shafi abin da mutum zai tarar ne idan ya ɗauko tushen daga GitHub, shafin intanet da ake ajiye tushen manhajoji, ya ce shi da kansa zai saita shi ya harhaɗa shi domin babbar manhajar da ke kan kwamfutarsa. Aiki ne da nake sa ɗalibai masu koyon rubuta manhaja su yi a wata ƙaramar cibiya a nan Jos, a kan kwamfutoci na hannu irin waɗanda ake saye a shagunan titin Ahmadu Bello, kuma ra'ayina a kansa shi ne cewa tsarin saitin yana da kyau ƙwarai a ɓangaren Linux, sai dai yana da wata ɗabi'a ta yin shiru a inda ya kamata ya yi magana, wadda take cinye wa sabon shiga lokaci fiye da duk sauran matsalolinsa.

Tarihin manhajar shi ne ya bayyana yadda aka tsara tushenta. Bram Moolenaar, ɗan ƙasar Holan, ya fitar da ita ga jama'a a 1991 a kan kwamfutar Amiga, yana kwaikwayon vi wadda Bill Joy ya rubuta domin Unix a 1976, saboda haka tun farkonta an gina ta ne da sanin cewa za ta yi ƙaura daga wannan babbar manhaja zuwa waccan. Wanda ya buɗe foldar src zai ga shaidar hakan da idonsa: akwai os_unix.c, akwai os_win32.c, akwai os_vms.c, har ma da os_amiga.c, kowanne yana ɗauke da abin da ya keɓanci gidansa, kamar yadda ake karanta madannai ko yadda ake tambayar girman allo, yayin da ainihin aikin gyaran rubutu yake zaune a sauran fayilolin harshen C waɗanda kowa yake tarayya a cikinsu. An cire tallafin MS-DOS da OS/2 a fitowa ta 8.0 a 2016, amma tsarin rabon bai sauya ba. Ga malami wannan rabo abin so ne, domin na fi samun sauƙin nuna wa ɗalibi bambancin Windows da Linux ta hanyar buɗe masa fayiloli biyu gefe da gefe fiye da ta hanyar zane a allo. Moolenaar ya rasu a watan Agustan 2023, aka sadaukar masa da fitowa ta 9.1 a Janairun 2024, wasu kuma suka ci gaba da kula da aikin. Ba a biyan ko kwabo a kanta. Abin da ya roƙa tun yana raye shi ne wanda ya ji daɗinta ya taimaka wa yara marasa galihu a Yuganda.

Dalilin da zai sa mutum ya wahalar da kansa ba shi da yawa, amma na gaskiya ne. Ubuntu 22.04, wadda har yanzu take kan kwamfutoci da dama a wajenmu, tana zuwa da Vim 8.2 a ma'ajiyarta, alhali 9.0 ta fito tun Yunin 2022. Wadda ake tararwa a girke tun farko kuma ita ce vim-tiny, wadda aka rage mata kaya har ba ta iya sa launi a rubutun manhaja, kuma ko an girka kunshin vim na yau da kullum, ba ya iya miƙa abin da aka kwafa zuwa burauza ko wata manhaja.

A kan Ubuntu aikin yana farawa ne da fayil ɗin configure, wanda aka samar da shi da Autoconf, manhajar da ke rubuta irin wannan fayil na saiti, kuma a nan ne yabona ya fi yawa. Mutum ba ya gaya masa komai game da kwamfutar; shi ne yake bincike da kansa, yana harhaɗa ƙananan gwaje-gwaje ɗaya bayan ɗaya domin ya gano wace manhajar harhaɗawa ce ke nan, waɗanne laburarori aka girka, wato shiryayyun sassan manhaja da wasu manhajoji ke dogara da su, wane aiki ne babbar manhajar take iya yi, layuka suna ta gudu a allo kowanne yana ƙarewa da yes ko no. Sakamakon yana zuwa cikin fayiloli biyu, auto/config.h da auto/config.mk, waɗanda umarnin make zai bi wajen ginin. Takardar INSTALL da ke cikin src ta kawo matakan Ubuntu dalla-dalla, har da sunayen kunshin da ake buƙata, kuma Makefile ɗin cike yake da bayani, inda aka jera zaɓuɓɓuka an toshe su da alamar #, wanda yake son ɗaya sai ya cire alamar kawai. Idan babu laburaren ncurses, configure yana tsayawa cak ya faɗi abin da ya rasa, ɗalibi ya girka libncurses-dev ya ci gaba. Ko a kan tsohuwar kwamfuta ginin kansa mintoci ne, batirin da ya gaji ma yakan kai shi ƙarshe idan aka ɗauke wuta a tsakiya, kuma ko da ta mutu, make yana ɗorawa ne daga inda ya tsaya.

Matsalar ita ce wannan tsayawa da faɗin gaskiya ba ita ce al'adarsa ba. A mafi yawan lokuta, idan configure ya nemi abu bai samu ba, sai ya rubuta no a cikin ɗaruruwan layukan da suka wuce da gudu, ya ajiye wannan ɓangare gefe, ya kammala aikinsa kamar babu abin da ya faru. Halinsa irin na telan da ka ce ya sa maka aljihu a riga ne, yadi ya gaza masa, ya ɗinke rigar tsaf ya goge ya miƙo maka ba tare da ya ce uffan ba, sai ka zo sa hannu ka ji babu. Haka take faruwa da Python: mutum ya rubuta --enable-python3interp, amma bai girka kunshin python3-dev ba, ginin ya tafi lafiya lau, sai daga baya wani ƙari da ya dogara da Python ya ƙi tashi. Haka kuma take faruwa da kwafi idan babu libxt-dev. Wata ɗaliba ta taɓa kira na tana cewa, "Malam, ya gama ba tare da kuskure ko ɗaya ba, amma abin da na gina ta dominsa bai yi ba." Da muka buga vim --version, sai ga jerin siffofin manhajar a layi-layi, kowace da alamar tarawa ko ta debewa a gabanta, ga -clipboard da -python3 a tsakiyarsu. Wannan jeri shi ne kaɗai alƙalin da ake yarda da shi, ƙarewar make ba tare da ƙorafi ba ba ta tabbatar da komai.

Akwai magani, wato a ƙara --enable-fail-if-missing, wanda yake sa configure ya tsaya idan aka nemi Python ko Lua ko Ruby bai samu kayan haɗa su ba. A ganina wannan shi ne ya kamata ya zama halin asali, domin wanda ya ɗauki wahalar rubuta sunan abu a umarni ya riga ya nuna cewa yana buƙatarsa. Ana iya kare masu tsarin da cewa suna son ginin ya yi nasara a kan kowace irin na'ura, ko da wadda ba ta da komai, kuma hujja ce mai ƙarfi ga mai kula da sabar da ba ta da allo, amma ba ta rage wa ɗalibi ɓacin rai ba. Abu na biyu da yake ƙara dagula lamarin shi ne auto/config.cache, inda ake adana amsoshin binciken farko: mutum ya gano abin da ya rasa, ya girka shi, ya sake kiran configure, sai ya iya karanto tsohuwar amsa daga ajiya ya sake cewa babu. Sai an share da make distclean kafin ya duba da sabon ido. Wanda yake son sanin dalilin kowane no zai same shi a auto/config.log, fayil mai tsawo wanda karanta shi yake buƙatar haƙuri, amma bai taɓa ɓoye mini dalili ba.

Girman manhajar ana zaɓarsa ne da --with-features, kuma a 9.1 matakai uku ne, tiny da normal da huge, na ƙarshen shi ne ake samu idan ba a faɗi komai ba. Fayil ɗin feature.h ne yake fayyace abin da ke cikin kowane mataki, an kuma rubuta shi yadda ɗalibin da ya yi wata biyu yana koyon C zai iya bin sa. Wannan zaɓi ya shafe mu kai tsaye. Haruffanmu masu lanƙwasa suna fitowa daidai a kowane mataki idan aka sa set encoding=utf-8 kuma salon rubutun allon yana da su, amma hanyar buga su cikin sauƙi tana buƙatar siffar digraphs, wato haɗa madannai biyu su ba da harafi ɗaya, wadda babu ita a tiny. Idan tana nan, layi ɗaya a vimrc, fayil ɗin saitin Vim, wato digraph k' 409, ya isa ya sa danna Ctrl-K da k da alamar ' ya fitar da ƙ, domin 409 ita ce lambar harafin ƙ. Lambar ɗ ita ce 599, ta ɓ kuma 595. Matakin huge yana kawo rubutu daga dama zuwa hagu da haɗa haruffan Larabci, abin da ɗalibanmu da suka fito daga Islamiyya suke murna da shi, ko da yake domin Larabci aka yi shi, ba a yi shi da ajami a zuciya ba.

A kan Windows labarin daban ne, kuma a nan makin ya ragu. Babu mai yi maka bincike. Akwai Make_mvc.mak domin kayan Visual Studio, akwai Make_ming.mak domin MinGW, wata manhajar harhaɗawa ta Windows, kuma kai ne za ka faɗi komai da bakinka: GUI=yes idan kana son gvim.exe mai taga, sannan idan kana son Python sai ka rubuta foldar da take da lambar fitowarta, ka kuma tabbata cewa ita da Vim duka masu bit 64 ne ko duka masu 32, in ba haka ba ba za su gaisa ba. Takardar INSTALLpc.txt ta yi bayani, sai dai ta tara hanyoyi da yawa a wuri ɗaya har sabon shiga yakan rasa wadda ta shafe shi. Kayan Visual Studio kuma gigabait da yawa ne, wanda ga mai sayen data da kuɗin aljihunsa ba ƙaramin abu ba ne. MSYS2, wadda ta nan ake samun MinGW, ta fi sauƙi nesa ba kusa ba. Tun da masu kula da Vim suna ajiye sababbin fayilolin girkawa na Windows a GitHub a kai a kai, ban ga dalilin da zai sa wanda ba gyaran tushen yake yi ba ya bi wannan hanya.

Akwai wani tarko da yanayinmu ne yake haifar da shi. Domin tattalin data, mutum ɗaya ne yake saukewa, sau da yawa da git clone --depth 1 domin a bar dogon tarihin gyare-gyare, sauran su karɓa ta filashi. Idan a kan Windows aka sauke, Git, manhajar da ake sauke tushen da ita, yana iya sauya ƙarshen kowane layi zuwa salon Windows, wanda yake amfani da alamomi biyu a inda Linux take amfani da ɗaya, sai configure ya ƙi tashi a Ubuntu yana nuna ^M a ƙarshen sunan /bin/sh. Filashi mai tsarin FAT32 kuma ba ta riƙe izinin gudanar da fayil. Hanyar da muka zauna a kanta ita ce a sauke a kan Linux, a ɗaure foldar ta zama fayil ɗaya da umarnin tar kafin a sa ta a filashi, kowa ya kwance a kan tasa kwamfutar.

Bayan sudo make install, sabuwar Vim tana zama a /usr/local/bin, wanda Ubuntu take dubawa kafin /usr/bin, saboda haka ita ce za ta riƙa amsawa ba tare da an taɓa tsohuwar ba, kuma make uninstall yana cire ta idan an ajiye foldar ginin. Sai dai daga wannan rana apt, manhajar da Ubuntu take girkawa da sabunta kunshi da ita, ba ta san da zamanta ba, duk gyaran tsaron da aka fitar ba zai iso ta ba sai mai ita ya janyo sabon tushe ya sake gini da hannunsa. Saboda haka wanda kwafi zuwa burauza ne kawai damuwarsa, kunshin vim-gtk3 ya ishe shi, wanda kuma ya koma Ubuntu 24.04 zai tarar da 9.1 a ma'ajiya. Ɗalibin da yake koyon C da mai riƙe da tsohuwar Ubuntu da ba zai iya sabuntawa ba su ne nake ba shawarar su gina, da sharaɗin su sa --enable-fail-if-missing tun a umarnin farko, su kuma karanta vim --version kafin su buga sudo make install, ta hanyar kiran ./vim da ke cikin foldar src.