Jemagun Eidolon: na Afirka ko na Madagaska?

Jinsin Eidolon iri biyu ne kacal. Na farko helvum, mai kalar kara, ya bazu kudu da Sahara har gefen Yaman, kuma baya tsoron gari, a Accra zaka gansu rataye a bishiyoyi tsakiyar hayaniya. Wanda yafi burgeni shine na gandun dajin Kasanka a Zambiya, daga Oktoba zuwa Disamba miliyoyi ne ke haɗuwa a ɗan ƙaramin daji saboda 'ya'yan itace, sama tayi baƙi da magariba wallahi abun kallo ne.

Dupreanum kuwa sai Madagaska kaɗai, a kogo yake kwana, yana shan ruwan furen kuka yana mata barbara. In kallo ne helvum zan zaɓa, amma na Madagaska yafi bani tausayi don farauta na cinye shi.