Wace manhajar rubutu za ka saka a kwamfutarka?

Duk wanda ya sayi laftof, sabuwa ko ta hannu, abin da mai shago zai fara tambayarsa shi ne: "Yallaɓai, a saka maka Office?" Kafin ka ce to, ka tambaye shi wace iri, domin yawanci abin da yake nufi kwafin sata ne.

Ta asali daga Microsoft ba ta da makusa in aljihu zai ɗauka. Microsoft 365 haya ce, ana biya duk wata ko duk shekara, Office 2024 kuma sau ɗaya ake biya don kwamfuta ɗaya. Google Docs kyauta ce amma ba ta jin daɗin aiki sai da intanet, mu kuwa mun san halin data. WPS Office ta kamfanin Kingsoft na Sin, tallace-tallacen da ke cikin ta kyautar sun ishe ni.

Ni LibreOffice nake saka wa kowa. Ta samo asali ne daga wata manhajar kyauta mai suna OpenOffice a 2010, kuma wata gidauniya mai mazauni a Berlin, The Document Foundation, ke kula da ita. Tana da Writer na rubutu, Calc na lissafi, Impress na gabatar da darasi, kuma tana buɗe fayilolin Word da Excel ta adana su a tsarinsu. Abin da ya fi kwanta min a rai lasisinta ne: ya halatta maka ka kwafe ta a filashi, ka saka wa ƙaninka, ka cika kwamfutocin makarantar Islamiyya da ita, ba wanda ka ci wa haƙƙi. A 2024 jihar Schleswig-Holstein ta Jamus ta yanke shawarar mayar da kwamfutocin gwamnati kusan 30,000 kanta, don haka ba abin wasan yara ba ce. Tana da nata rauni, gaskiya. Takarda mai tebura da yawa kan ɗan goce in an buɗe ta a Word, shi ya sa nake cewa ɗalibai su fitar da furojet ɗinsu a PDF kafin su kai wajen buga takardu.

Kwafin satar nan fa, ku yi hattara. Wani mai gyara ya taɓa saka min shi ba tare da ya faɗa min ba, ya kashe Windows Defender, wato rigakafin da ke zuwa da Windows, don abin ya shiga. Ba a jima ba na wayi gari duk fayilolina sun ƙi buɗuwa, sai wata 'yar takarda a kowace jaka tana neman kuɗin fansa da dala. Aikin mutane ne a ciki, har da na wata ɗaliba da za ta kare furojet ɗinta a makon. Irin wannan ƙwayar cutar kwamfuta, STOP/Djvu, ta hanyar manhajojin fashe ta fi yaɗuwa. Duk wanda ya ce sai an kashe rigakafin kwamfuta kafin ya saka maka abu, karɓi laftof ɗinka ka tafi.

Sai masu tallar "365 na har abada" a WhatsApp da 'yan dubbai. Microsoft ba ta sayar da irin wannan. Galibi asusun wata makaranta ko ma'aikata ce aka yanko maka, mai kula da ita na iya leƙa abin da ka ajiye a OneDrive, ma'ajiyar Microsoft ta intanet, kuma ranar da ya ga dama ya rufe. Kunnawar da ake yi da KMSpico ma, manhajar kunna Office na sata, ta kwana 180 ce, sai ta yi ta sabunta kanta a ɓoye.

Masu cewa ai kamfanin ya yi kuɗi, ba sata ba ce, su sani dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta haɗa da manhajojin kwamfuta. Majalisar Fiƙihu ta Duniya ma, a zamanta na Kuwait a 1988, ta tabbatar da cewa haƙƙin ƙirƙira dukiya ce da shari'a ke karewa. Tunda ga halal a kyauta, ban ga hujjar ɗaukar na shubuha ba.

LibreOffice ɗin ma daga shafinta na asali kawai za ka sauke ta. In wani ya nemi ka biya kuɗin lasisinta, damfara ce.