Yaya, Ga Labarin Haƙorina a Ingila, Ga Kuma Maganar Na Umma

Assalamu alaikum Yaya. Ina gajiya, ya iyali, ya jikin Umma? Allah ya ƙara sauƙi. Saƙonka ya same ni a cikin bas ina dawowa daga aiki, inda ka ce haƙorin nan nata ya sake tashi, kuncinta ya ɗan tasa, an kuma karɓo mata kafso a kemis. Ka ƙara da cewa da a wurinmu nan Ingila take da tuni an wuce wurin. Wannan maganar ce ta zaunar da ni rubutu, don akwai abin da ya same ni a watan Nuwamban 2025 wanda na ɓoye muku saboda kada hankalinta ya tashi.

Haƙorina ne, turmin ƙasa, ɓangaren hagu. Tun ina Kano yake da kogo, ina lallaɓa shi da kanumfari. Da sanyin Biradfod ya shigo, iska na shiga bakina sai in ji tsam har cikin kunne. Daren wata Juma'a ya tashi gadan-gadan. Zogi kamar ana buga mini ƙusa a muƙamuƙi, in na kwanta ya ƙaru, in na tashi zaune ya ɗan lafa. Na kuskure da ruwan ɗumi da gishiri, na sha farasitamol, na yi alwala na yi nafila, duk da haka ido biyu na ga asuba.

Da gari ya waye na yi abin da muka saba, na nufi kantin magani na ce a ba ni amoksisilin. Mai kantin, wani dattijo ɗan asalin Pakistan, ya ce ba shi da ikon ba ni ko ƙwaya ɗaya sai da takardar likita. Ya ba ni ibufurofen da ƙaramar kwalbar man kanumfari, ka ji, kanumfarinmu dai, su ma sun san shi. Ko farasitamol a nan ƙwaya 16 ne a kwalin da ake sayarwa a manyan kantuna, kuma ba sa barin mutum ya ɗauki fiye da kwali biyu a lokaci guda. A lokacin raina ya ɓaci ƙwarai. Na tuna kemis ɗin bakin layinmu, inda ko yaro ka aika za a ƙullo masa.

Abin da ba a gaya mana kafin mu taso shi ne, a ƙasar nan haƙori hanyarsa daban da sauran jiki. Tare da biza muna biyan kuɗin lafiya fam 1,035 a shekara kan kowane babba, tun daga Fabrairun 2024. Da shi kake ganin likitan unguwa kyauta, a kwantar da kai kyauta, matarka ta haihu kyauta. Amma likitan unguwa ba ya taɓa haƙori. Sashen gaggawa na babban asibiti ma ba wurin ciwon haƙori ba ne, sai in jini ya ƙi tsayawa, ko an yi haɗari an ji ciwo a fuska, ko kumburi ya kai ga ido ko maƙogwaro. Haƙori sai wurin likitan haƙori, kuma yawancin wuraren nasu masu zaman kansu ne da suka ƙulla kwangila da hukumar lafiya ta NHS. In gurbin kwangilar ya cika, sai su ce maka sai dai ka shigo ta ƙofar kuɗi.

Wurare bakwai na kira, waɗanda ke buɗe ranar Asabar. Amsa ɗaya ce: ba ma ɗaukar sababbin mutane. Daga baya na gane ba ni kaɗai ba ne. Binciken da BBC ta yi a 2022 ya nuna cewa tara cikin goma na wuraren ba sa karɓar sabon babba a tsarin gwamnati. A Fabrairun 2024, da aka buɗe wani sabo a unguwar St Pauls a Biristol, ɗaruruwan mutane suka yi layi a titi cikin sanyi don su yi rajista, har sai da 'yan sanda suka zo. 'Yan ƙasa ke nan, haifaffun nan.

Maman yara ce ta ce in kira 111. Lamba ce ta kyauta, dare da rana, ta ciwon da ya matsa amma bai kai a kira motar asibiti ba. Matar da ta ɗauka ba ta tsaya kan zafin da nake ji ba. Tambayoyinta: kana iya haɗiye yawu? Numfashinka lafiya? Bakinka na buɗuwa sosai? Kumburin ya doshi ido ko ya gangara wuya? Akwai zazzaɓi? Bayan awa biyu wata ma'aikaciyar jinya ta kira ni, ta ba ni lokaci washegari Lahadi, ƙarfe goma da rabi, a can wani gefen gari, bas biyu.

A nan ne na ga aikin da ya burge ni, kuma ba zan rage musu komai ba. Kafin in zauna a kujera sai da na cike takarda: ciwon suga, hawan jini, maganin da nake sha, maganin da jikina ba ya so. Kowane ƙarfe a cikin ledarsa yake a like, a gabana aka yage. Likitar ta ƙwanƙwasa haƙoran ɗaya bayan ɗaya da gindin madubinta, da ta zo kan mai ciwon sai da na zabura. Ta ɗauki hoto, nan take ya fito a kwamfuta, ta juyo da shi ta nuna mini wani baƙin tabo a ƙarshen saiwar. Ta ce jijiyar ta mutu, mugunya ta taru a ƙasa ba ta da mafita, shi ya sa kwanciya ke ƙara zafin. Ta yi mini allurar kashe wuri, ta huda haƙorin ta sama, ta wanke cikinsa, ta sa magani ta toshe da cikon wucin gadi. Kafin in iso gida na ji kamar an sauke mini dutse daga kai. Fam 27.40 na biya, kuɗin da gwamnati ta yanke wa aikin gaggawa a Ingila daga Afrilun 2025.

Na tambaye ta kafso, ta ce ba na bukata. Bayaninta shi ne abin da nake so ka riƙe saboda Umma. Jini ba ya shiga cikin mataccen haƙori, don haka maganin da ka haɗiya ba ya isa inda ƙwayoyin cutar suka yi gida. Yana iya kwantar da kumburin na ɗan lokaci, ciwon ya dawo, har ƙwayoyin su saba da maganin ya daina yi musu komai. Sai an buɗe haƙorin ko an cire shi. Kafso sai in ciwon ya fara yaɗuwa, kuma ko a lokacin tare da aikin ake haɗawa.

To amma tsugune ba ta ƙare ba. Aikin gaggawa kashe wuta ne kawai. Sauran aikin, wato share saiwar a cike ta, a lokacin, a 2025, fam 75.30 ne a tsarin gwamnati, in za a yi wa haƙorin hula kuma ya koma fam 326.70. Farashin bai fi ƙarfina ba, wanda zai yi a farashin ne babu. Wani wurin kuɗi ya yanka mini sama da fam 600, ban da hular. Wata biyu ina tauna da gefe ɗaya, sai wani bawan Allah a masallaci ya ba ni labarin wani wuri a garin da ke maƙwabtaka da mu da ya fara ɗaukar mutane. Shi ya sa za ka ga 'yan ƙasar suna hawa jirgi zuwa Turkiyya gyaran haƙori, namu kuma da yawa suna tara nasu sai sun zo gida hutu. Yara 'yan ƙasa da shekara 18 kyauta ne, haka mai ciki har shekara guda bayan haihuwa, kuma wannan abin a yaba ne, in an samu gurbin.

Yanzu ka dubi namu. A Kano ka fita da safe da kuɗinka, ka yanki kati, ka bi layi, yawanci a ranar likitan haƙori zai leƙa bakinka. Ga sashen haƙori a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ga na Asibitin Murtala, ga masu zaman kansu. Na san akwai cinkoso, akwai ɗaukewar wuta, na san kuma kuɗin ba ƙarami ba ne ga mai albashin naira. Amma ƙofar a buɗe take, mu ne ba ma shiga sai haƙori ya ruɓe ya wuce ciko, sannan mu ce likitocinmu ba su iya komai ba sai cirewa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne masu ɗiga ruwan batir ko fetur a kogo, da masu danna asfirin a kan dasashi. Asfirin ƙone naman yake yi, kada ka bari kowa ya kawo wa Umma wannan shawarar. Asuwakinta kuwa ta ci gaba da abinta. A nan sai ka je kantin Musulmi ka same shi a leda, siriri, ba ya kama ƙafar na Kurmi.

Wani abu da likitar ta faɗa mini da na ce ina da yara, ka gaya wa su Abba masu ƙwallo da masu hawa babur. In haƙorin babba ya fita ɗungurungum, a riƙe shi ta kai, kada a taɓa saiwar, kada a goge ta. A mayar da shi gurbinsa in za a iya, in ba haka ba a jefa shi cikin madara a ruga asibiti, cikin awa guda ya fi. Haƙorin nono na ƙananan yara ba a mayar da shi.

Na tura kuɗi ta asusunka yau da rana. Don Allah Yaya, Litinin da sassafe ka kai ta da kanka, kada ka wakilta yara, ka san ba za ta yi maka musu ba. Ku tafi da kwalayen maganin sugarta da na hawan jini, da kafson da aka karɓo, likita ya gani da idonsa, ka kuma roƙi a ɗauki hoto kafin a yanke shawarar cirewa. In kafin Litinin kumburin ya gangaro ƙarƙashin haɓa, ko haɗiya ta yi mata wuya, ko zazzaɓi ya rufe ta, ku tafi gaggawa ko tsakar dare ne, don mai suga ciwo saurin yaɗuwa yake yi a jikinsa. In kun shiga wurin likitan ka kira ni ta WhatsApp, zan bar wayar a kunne. Ka gaishe da Anti da yara.