Kaset ɗin Amurka, na Turai, na Japan da na jabu: amsa ga mai tambaya kan Super Nintendo

Ɗan'uwa, ga yadda na fahimci tambayarka. Kana da kaset biyu na Super Mario World, ɗaya mai kafaɗu a tsaye kamar bulo, ɗaya mai kafaɗu a lanƙwashe, an kuma ce maka mai lanƙwasar jabu ne. Sannan wani dillali ya kawo maka Chrono Trigger a cikin irin wannan gida mai lanƙwasa, da rubutun Turanci da lambar Turai, yana neman kuɗi mai tsoka.

Mario ɗin nan biyu suna iya zama na asali dukansu. Shi kuwa Chrono Trigger ɗin, kada ka biya masa kuɗin na asali, don ba shi ba ne. Wanda ya ce maka mai lanƙwasa jabu ne ya cakuɗa tambaya biyu da ba su da haɗi: wace ƙasa aka yi wa kaset, da kuma wa ya ƙera shi. Ta farko daga waje ake amsa ta, ta biyu sai an leƙa ciki.

Na'urar gem ɗin nan, Super Nintendo, ɗaya ce, amma kamfanin Nintendo ya fitar da ita sau uku da kama biyu. A Japan ta fito a watan Nuwamba 1990 da sunan Super Famicom, a Amurka a 1991, a Turai a 1992. Ta Amurka an canza mata jiki gaba ɗaya, aka yi ta mai kusurwa da makunnai ruwan shunayya. Ta Turai kuwa ta ɗauki jikin ta Japan, har da madannai huɗu masu launin ja, rawaya, kore da shuɗi. Kaset ma haka ya bi sahu. Na Amurka mai kusurwa ne, yana da tsagi biyu a bayansa, sitikarsa kuma ta naɗo har saman kai, ta yadda in ka jera su a kanta kana karanta sunayen. Na Japan da na Turai masu lanƙwasa ne, kansu fayau babu rubutu. In ka kife waɗannan biyun a tebur, da wuya ka ce ga wannan ga wancan.

Abin da ke raba gardama shi ne ƙaramar lambar da ke kan sitikar gaba. Ta Japan tana farawa da SHVC, ta Amurka da SNS, ta Turai da SNSP. Mario ɗinka mai kusurwa zai nuna SNS-MW-USA. Mai lanƙwasar, in na Japan ne za ka ga SHVC-MW da rubutun Japananci, har da ƙarin suna Super Mario Bros. 4 wanda babu shi a sauran. In na Turai ne za ka ga SNSP-MW, sai haruffa uku na kasuwar da aka kai shi: UKV Birtaniya, NOE Jamus, FAH Faransa da Beljiyam da Holan, ESP Sifen. Da yake yawancin gwanjon kayan lantarki da ke shigo mana daga Turai yake, kada ka yi mamaki in ka fi cin karo da waɗannan. Dubi hatimin ingancin nan na Nintendo ma: a Amurka mai siffar ƙwai ne, a Turai da'ira ce sosai. Rubutun da ke baya na cewa a Japan aka ƙera kuwa ba ya nuna komai, don kusan dukansu can aka yi su, ko ina za a kai su.

A wajen bugawa ne bambancin ke da ciwo. Kaset ɗin Japan da na Amurka makullinsu na ciki ɗaya ne, roba ce kawai ta raba su. Wasu 'yan haƙora biyu da ke cikin bakin na'urar Amurka su ne ke tare kaset ɗin Japan, masu cire su kuma suna buga shi lafiya lau. Na Turai kuwa zai shige na'urar Japan daram kamar don ita aka yi shi, amma allo zai tsaya baƙi ƙirin, saboda ayisin makullinsa, wato ɗan guntun lantarkin da ke ciki, daban ne. Mutane da yawa a nan suke yanke wa kaset hukuncin ya mutu ko jabu ne, alhali gidan da ba nasa ba aka sa shi.

Sai batun gudu. Talabijin ɗin Japan da Amurka a wancan zamanin tsarin NTSC ne, hoto na sabuntuwa sau 60 a daƙiƙa. Na Turai PAL ne, sau 50, shi ne kuma tsarin da Najeriya ta bi. Gem ɗin da ba a gyara wa Turai lissafi ba yakan yi nawa da kusan kashi 17 cikin ɗari, ga baƙin layi sama da ƙasa ya matse hoton. Wanda ya saba da na Turai tun yarinta, ranar da ya taɓa na Amurka sai ya ji kamar ana kora shi. Ni dai in don bugawa ne na fi son na 60, in kuma don tarawa ne babu wanda ya fi wani daraja a idona, kowanne tarihin wurinsa ne. (Tun da maganar ta zo: adaftar Japan ta wuta 100 ce, ta Amurka 120, tamu kuwa 230. Kada ka soka su a bango kai tsaye.)

Wani lokaci har abin da ke cikin kaset ɗin ma ya sha bamban. Contra III na Amurka shi ne Super Probotector a Turai, inda aka cire sojoji aka sa mutum-mutumi. Star Fox ya koma Starwing. A Street Fighter II an juya sunayen shugabanni uku: ɗan damben da muka sani da Balrog, a Japan shi ne M. Bison, mai farata Vega can shi ne Balrog, babban ogan kuma Vega. Duk waɗannan na asali ne.

To a nan ne sanin yanki ke kama ɓarawo, kuma shi ne abin da na fi so ka riƙe. Chrono Trigger ya fito a Japan da Amurka a 1995, lambobinsa SHVC-ACTJ-JPN da SNS-ACTE-USA. Bai taɓa fitowa a Turai a kan Super Nintendo ba, Turawa sai a 2009 suka same shi a kan Nintendo DS. Saboda haka kaset ɗinsa mai lanƙwasa da Turanci da lambar SNSP abu ne da kamfanin bai taɓa ƙerawa ba, komai kyan sitikarsa. Haka EarthBound na 1995 da Super Mario RPG na 1996, babu na Turai. Ta ɗaya ɓangaren, Terranigma ya fito a Japan da Turai amma bai je Amurka ba, don haka in ka gan shi a gida mai kusurwa ka san aikin hannu ne. Star Fox 2 kuwa ba a taɓa sayar da shi a kaset ba ko'ina, sai a 2017 aka sake shi cikin ƙaramar na'urar SNES Classic. Ka lura duk masu tsada ne ko masu wuyar samu. Super Mario World an buga shi miliyoyi, ana haɗa shi da na'urar a kwali ɗaya, ribar yin jabunsa kaɗan ce, ko da yake ana yi.

In gem ya fito a yankin da lambarsa ta nuna, sai a koma duba jiki. Juya kaset ɗin, ka karkata sitikar baya wajen haske. Na asali yana da 'yar lamba mai alƙalami biyu da aka danna a jikin takardar, ba tawada ba ce, farce na jin ta. Na jabu yawanci babu, ko kuma an buga ta da firinta. Sukurorin gaba guda biyu na ƙarfe ne masu kai irin tauraro, sai da sukundireba ta musamman mai milimita 3.8. Jabu yakan zo da sukuru mai gicciye, ko ma a zana siffar sukurun a jikin roba kawai. Sitikar gaba ta asali ƙananan rubutunta a tsaye suke tsaf, ta jabu in ka matso da kyamarar waya za ka ga gefen haruffa ya yi gashi-gashi, launi ko ya yi kauri ko ya koɗe. Amma ka yi hattara da sitika kaɗai. A ƙarshen shekarun 1990 kamfanin Majesco ya sake fitar da wasu gem da izini, an harhaɗa su a Meziko, takardarsu ba ta kai ta farko kyau ba, kuma halal ne.

Hujjar da ba ta ƙarya tana ciki. Fanel na asali kore ne, an rubuta Nintendo da shekara a jikinsa, da lamba wadda yawanci take farawa da SHVC, ko da na Amurka ne ko na Turai, don haka kada wannan ya ruɗe ka. Babban ayisin da gem ke ciki yana ɗauke da lambar gem ɗin a bayansa. Kusa da shi akwai ƙaramin ayisin makulli, D411 ga Japan da Amurka, D413 ga Turai. In gem mai ajiya ne, kamar Mario ɗinka, akwai batir CR2032 da aka liƙa da dalma. Fanel ɗin jabu sau da yawa guntu ne, bai cika rabin gidan ba, shi ya sa kaset ɗin ke da sauƙi a hannu. Za ka ga ɗigon baƙin danƙo a maimakon ayisi, ko ƙananan ayisi na zamani irin na cikin waya. Masu arhar ciki an yi su da ayisin wuta 3.3 alhali na'urar 5 take bayarwa, abin da ya sa ba na son barin su a na'urar da nake ji da ita.

Akwai kuma na tsaka-tsaki, su ne suka fi yaudara. Wani zai samo kaset na gaske na gem mai arha, irin na ƙwallo, ya cire ayisin gem ɗin ya dasa wani, ya manna sabuwar sitika. Gida na asali, sukuru na asali, lambar baya tana nan, nauyi daidai. Sai ka buɗe ka ga sabuwar dalma tana ƙyalli da 'yan wayoyi sun tsallaka fanel. Ina kyautata zaton irin wannan ne dillalinka ya riƙo, tunda gidan Turai ne.

Ban ce ka guje shi ɗungurungum ba. Mai na'urar Turai da ke son buga Chrono Trigger da Turanci a kan talabijin ɗinsa, kwaikwayon na iya yi masa amfani, muddin an faɗa masa gaskiya an kuma sayar masa a kuɗin kwaikwayo. Abin da ke ɓata min rai shi ne a karɓi kuɗin na asali a hannun wanda ya tara su da guminsa. Mai yiwuwa shi kansa dillalin bai sani ba, haka ya saro. Ka nuna masa lambar, ka ce a buɗe a gabanku, kowane mai gyaran waya zai gane sabuwar dalma da kallo ɗaya. In ya ƙi a buɗe, ka mayar masa da kayansa. Mario biyun kuma ka karanto mana lambar gabansu da haruffa ukun ƙarshe, mu gaya maka na'urar da kowanne zai tashi a kai.