Hakeem Olajuwon da Michael Jordan: wa ya fi samun kuɗi?

Ɗan'uwa, ka tambaya tsakanin Hakeem Olajuwon da Michael Jordan wa ya fi tara dukiya, tunda shekara ɗaya suka shiga gasar ƙwallon kwando ta NBA a Amurka. Haka ne, a zaɓen sabbin 'yan wasa na 1984 ƙungiyar Houston Rockets ta ɗauki Hakeem, haifaffen Legas, a matsayi na ɗaya, Chicago Bulls kuma ta ɗauki Jordan a na uku.

In albashin fili kaɗai ake magana, Hakeem ne a gaba. Daga 1984 har ya ajiye wasa a 2002 a Toronto Raptors, abin da aka biya shi ya haura dala miliyan 100. Jordan kuwa wajen miliyan 94 ya karɓa, kuma fiye da miliyan 60 daga ciki a kakarsa biyu ta ƙarshe a Chicago ya same su. Kofi shida ya ci, Hakeem biyu, a 1994 da 1995. Amma har yau ba wanda ya kamo Hakeem wajen tare ƙwallo kafin ta faɗa kwando: sau 3,830.

Inda suka rabu shi ne bayan an fita daga fili. Tun 1984 Jordan ya ƙulla da kamfanin Nike, takalmin Air Jordan ya yi ta zuba masa kuɗi har bayan ya daina wasa a 2003. A 2010 ya sayi mafi yawan hannun jarin ƙungiyar Charlotte, ya sayar a 2023 lokacin da aka yi mata kuɗi kusan dala biliyan 3. Ta nan ya yi wa Hakeem fintinkau, babu gardama.

Ni dai hanyar Hakeem ce ta fi taɓa ni. Lokacin da yake kan ganiyarsa, ya yarda aka sa sunansa a takalmin Spalding da ake sayarwa dala 35, alhali na manyan taurari yana haura dala 100. Hujjarsa ita ce uwa mai ƙaramin ƙarfi da ke da yara ba za ta iya sayen mai tsada ba. Mutum ne da ya san abin da yake bari a ƙasa, ya bar shi da gangan. Bayan ya yi ritaya ya mayar da hankali kan cinikin filaye da gine-gine a Houston, kuma da kuɗi hannu yake saye, ba ya cin bashin banki saboda gudun kuɗin ruwa. Wanda ya san harkar gidaje a Amurka ya san yadda bashi yake ninka jari. Wanda ya ƙi shi dole tafiyarsa ta zama a hankali. Duk da haka ya ci riba mai yawa, ta halal. Wani tsohon ginin banki da ya saya a tsakiyar birnin ma masallaci da cibiyar da'awa ya mayar da shi.

Kada in manta, a watan Fabrairun 1995 yana azumin Ramadan yake buga wasa, kuma shi aka zaɓa gwarzon ɗan wasan NBA na wannan watan.